SA'AD DA ƘOFA BA TA BUƊE BA: NAZARI A KAN WASIƘUN BULUS DAGA KURKUKU

Karatu: Ayyukan Manzanni 16:16-40, 28:16-31, Filibiyawa 1:12-26, Filimon 8-22
Ayar haddacewa: Filibiyawa 1:12
Manufa: Mu san yadda mai bi zai tsaya, da yadda ikkilisiya za ta tsaya tare da shi, a lokacin da aka yi addu'a amma kuɓuta ba ta zo da wuri ba.

GABATARWA



Bayan wata addu'ar dare da muka yi a yankin Tsafe, wata 'yar'uwa ta tsaya har kowa ya watse, sa'an nan ta zo ta durƙusa ta ce, "Mai bishara, ina da tambaya. Kun ce Allah ya buɗe wa Bulus da Sila kurkuku a dare ɗaya. Maigidana yau kwana arba'in yana daji. Na yi azumi, na sayar da awakina. Shin bangaskiyata ce ta kasa?"

Ban ba ta amsa mai kyau a wannan dare ba. Na koma gida na buɗe Littafi Mai Tsarki, na ga cewa mun koya wa jama'armu labarin dare ɗaya na Filibi sosai, amma mun tsallake shekaru huɗu da wannan Bulus ɗin ya yi a tsare ba tare da girgizar ƙasa ba. A cikin waɗannan shekaru ne wasiƙun da za mu yi nazari suka fito.

Mu mutanen Zamfara ba baƙin wannan magana ba ne. Mun ga ranar 26 ga Fabrairu 2021 da aka kwashe 'yan matan makarantar Jangebe, muka kuma ga an sako 279 bayan 'yan kwanaki. Mun ga watan Satumba 2023 da aka ɗauke ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga Sabon Gida a ƙaramar hukumar Bungudu, waɗansu suka daɗe ƙwarai kafin su dawo. Duk wanda yake bin hanyar Gusau zuwa Tsafe da Funtuwa ya san addu'ar da yake yi kafin ya shiga mota. Wannan wahala ta taɓa Kirista, ta taɓa Musulmi maƙwabtanmu. Saboda haka ka ɗauki wannan darasi da hannu biyu.

1. WAƊANNE WASIƘU NE, DAGA INA KUMA?

Wasiƙu huɗu ake kira wasiƙun kurkuku: Afisawa mai sura 6, Filibiyawa mai sura 4, Kolosiyawa mai sura 4, da Filimon mai aya 25 kacal. A kowace ɗaya Bulus ya ambaci ɗaurinsa (Afisawa 3:1, Filibiyawa 1:13, Kolosiyawa 4:18, Filimon 1). Wasiƙar 2 Timoti ma daga kurkuku ta fito, a ƙarshen rayuwarsa.

An kama Bulus a Urushalima wajen shekara ta 57. Mutum fiye da arba'in suka yi rantsuwa za su kashe shi, sai aka kai shi Kaisariya da dare. A can ya yi shekara biyu yana jiran shari'a. Ayyukan Manzanni 24:26-27 ya faɗa mana dalili a fili: gwamna Filikus yana sa rai Bulus zai ba shi kuɗi, yana kuma neman farin jini a wurin masu ƙararsa. Wato cin hanci da siyasa suka riƙe manzon Allah shekara biyu. Da Festus ya gaji kujerar, Bulus ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar, gama shi ɗan ƙasar Roma ne. Ka lura da wannan: neman lauya da bin hakkinka a gaban doka ba rashin bangaskiya ba ne.

Bayan hatsarin jirgin ruwa da wata uku a tsibirin Malita, ya isa Roma wajen shekara ta 60. A can ya ƙara shekara biyu a gidan haya, da sarƙa a jikinsa, da soja yana gadinsa. Tun dā ikkilisiya ta ɗauka daga nan ne wasiƙun huɗu suka fito. Waɗansu masana suna ganin wasu daga Afisa ko Kaisariya aka rubuta su. Ko ina ne, hannun da ya sa musu alama yana ɗaure.

2. KURKUKU BIYU, ALLAH ƊAYA

Wajen shekara ta 50, a Filibi ta ƙasar Makidoniya, an yi wa Bulus da Sila bulala, aka sa ƙafafunsu a turu a can cikin kurkuku. Da tsakar dare suna addu'a da waƙa, ƙasa ta girgiza, ƙofofi suka buɗe, yari da iyalinsa suka ba da gaskiya aka yi musu baftisma kafin gari ya waye. Haleluya! Wannan ya faru, Allahn da ya yi shi kuma bai tsufa ba.

Yanzu ka ƙara shekara goma. Ikkilisiyar Filibi ta taru, ana karanta mata wasiƙa daga mutumin nan da suka ga an buɗe masa ƙofa. Mai yiwuwa yarin nan yana zaune a cikinsu. Me suka ji? Bulus yana tsare, bai san ko za a sake shi ko za a kashe shi ba (1:20-23). Shin bangaskiyarsa ta ragu ne? Ko ya daina waƙar tsakar dare? Ko kaɗan.

Ka duba Ayyukan Manzanni sura 12 kuma. A sura ɗaya Hirudus ya kashe Yakubu da takobi, a sura ɗayan mala'ika ya fitar da Bitrus. Dukansu manzanni ne na ikkilisiya guda. Babu inda Nassi ya ce Bitrus ya fi Yakubu bangaskiya.

Don haka 'yar'uwa, idan naki bai dawo ba alhali na maƙwabciyarki ya dawo, kada ki yarda Shaiɗan ya ɗora miki laifi a kan baƙin ciki. Kai kuma ɗan'uwa, ka kiyaye bakinka. Kada ka ce wa mai kuka akwai zunubi a gidansa. Abokan Ayuba sun yi haka, Allah kuwa ya tsauta musu.

Amma kada mu zame zuwa ɗaya gefen mu daina roƙon kuɓuta. Bulus da kansa ya ce wa Filimon ya shirya masa masauki, domin yana sa zuciya za a sake shi ta wurin addu'arsu (aya 22). Mu roƙi Allah ya buɗe ƙofa yau, da dukan ƙarfinmu. Idan kuwa ya jinkirta, muna nan tare da shi.

3. KA KARANTA SU KAMAR WASIƘA

Ka tuna watan Satumba 2021, lokacin da aka katse layukan waya a duk jihar nan, aka kuma rufe kasuwannin mako-mako? Mutane suka riƙa hawa mota zuwa Funtuwa don su kira 'yan'uwansu. Waɗansunmu muka koma rubuta takarda muna ba direba a tasha. Ni ma na karɓi irin wannan takarda daga wani dattijonmu na Bungudu. Ban karanta layi na uku na ajiye sai gobe ba. A tsaye na karanta ta daga gaisuwa har sa hannu, na kuma sake karantawa ga iyalina.

Haka waɗannan wasiƙu suka iso. Mutum ne ya ɗauko su da ƙafarsa. Tikikus ya kai na Afisawa da Kolosiyawa, Unisimas yana tare da shi. Daga Roma zuwa Filibi ya fi kilomita 1,000, ta ƙasa da ta teku, tafiyar makonni. Da wasiƙa ta iso, sai a tara jama'a a gidan wani mai bi a karanta da ƙarfi. Bulus ya ma umarci Kolosiyawa su aika tasu a karanta a Lawudikiya (4:16).

Bulus bai rubuta lambar sura ko ta aya ba. An raba surori a ƙarni na 13, aka sa lambobin ayoyin Sabon Alkawari a shekarar 1551. Suna da amfani wajen nemo wuri, amma sun koya mana tsintar aya ɗaya mu bar sauran. Filibiyawa duka aya 104 ce. Kafin shinkafa ta nuna a kan murhu ka gama ta. Ka gwada karanta ta a zama ɗaya, kana tambayar kanka: wa ya rubuta, ga wa, wace matsala ce ta sa, me ake so su yi?

4. FILIBIYAWA: FARIN CIKIN DA SARƘA BA TA KAMA BA

A wannan gajeriyar wasiƙa kalmar farin ciki da danginta sun fito wajen sau 16 a harshen Helenanci. Daga ina ɗaurarre ya samo wannan?

Na farko, ya ga abin da Allah yake yi da ɗaurin. Sojojin fadar Kaisar da ake canjawa suna gadinsa sun ji dalilin ɗaurinsa, 'yan'uwa a Roma suka ƙara ƙarfin hali wajen wa'azi (1:12-14). A ƙarshen wasiƙar har akwai gaisuwa daga masu bi na gidan Kaisar (4:22). Sun ɗaure shi da soja don kada ya gudu, ashe sojan ne ba shi da hanyar guje wa bishara.

Na biyu, ya riga ya daidaita maganar mutuwa a zuciyarsa. In ya rayu zai ci gaba da aiki, in ya mutu zai kasance tare da Almasihu. Mutumin da ya kai nan, da me za ka tsoratar da shi?

Na uku, ya koyi wadar zuci. Ayar nan ta 4:13 muna ganinta a bayan Keke Napep da ƙofar shago, matasa kuma suna furta ta ranar jarrabawa. Ba laifi. Amma ka karanta aya 11 da 12 tukuna. Bulus yana maganar ƙoshi da yunwa ne, da samu da rashi. Ƙarfin da yake faɗa shi ne wanda yake riƙe mutum a ranar da rumbu ya cika, ya kuma riƙe shi a shekarar da bai iya zuwa gona ba saboda tsoro. Ya ce koya ya yi, abin bai sauko masa dare ɗaya ba.

Farin cikin nan bai hana shi hawaye ba. Sa'ad da Abafaroditas ya yi ciwo har ya kusa mutuwa, Bulus ya ce da ya rasu, da baƙin cikinsa ya ninku (2:27). Mai cike da Ruhu Mai Tsarki yana kuka. Ka bar mai makoki ya yi kukansa a cikin ikkilisiya, kada ka tilasta masa murmushi.

5. KOLOSIYAWA DA AFISAWA: WA KE DA IKO, WANE NE MAƘIYI?

Bulus bai taɓa ganin yawancin masu bi na Kolosi ido da ido ba (2:1). Abafaras ne ya kai musu bishara. Waɗansu malamai suka shigo suna cewa Almasihu shi kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da dokokin abinci, da kiyaye ranaku, da yi wa mala'iku sujada. Amsar Bulus ita ce ya nuna musu girman Yesu: ta wurinsa aka halicci kome, a kan gicciye kuma ya ƙwace makaman ikokin duhu (1:15-20, 2:15).

Wannan magana tamu ce. Tsoro ya sa waɗansu masu bi suna zuwa sujada ranar Lahadi da laya a ɗamara, ko guru a ƙugu, ko an yi musu tsaga da sunan maganin bindiga. Sukan ce, "Ai don tsaro ne kawai." Ɗan'uwa, mutumin da yake ɗaure da sarƙa ne ya rubuta cewa a cikin Almasihu kake cikakke (2:10). Ka yi hankali a hanya, kada ka yi tafiyar dare, ka ji shawarar masu sanin gari. Amma kada ka kai ranka wurin boka. Idan akwai irin wannan abu a jikinka ko a ɗakinka, ka kawo wa fasto a ƙone shi, a yi maka addu'a. Ba wanda zai tona maka asiri.

A Afisawa 6:10-18 Bulus ya lissafta kayan yaƙin mai bi: ɗamara, sulke, takalmi, garkuwa, kwalkwali da takobi. Kullum yana ganin irinsu a jikin mai gadinsa. Duk da haka ya ce yaƙinmu ba da ɗan adam ba ne. A sura 2 kuma ya nuna yadda Yesu ya rushe katangar gaba tsakanin Bayahude da Ba'al'umme.

A nan zan faɗi magana mai nauyi. Wahalar nan ta sa waɗansunmu mun fara ƙin kabila ɗungum. Mun ga mai tallar nono sai zuciya ta tashi. Wanda ya ɗauki bindiga ya yi ta'asa mai laifi ne, muna kuma roƙon hukuma ta kama shi ta hukunta shi. Amma akwai Fulani da yawa da aka kwashe musu shanu, aka kashe musu 'ya'ya, suna kuka irin namu. Ƙiyayya kurkuku ce da mutum yake gina wa kansa. Za a iya sako ka daga daji, ka dawo gida ka shiga wannan.

6. FILIMON: BASHIN DA WANI YA ƊAUKA

Filimon mai gida ne a Kolosi, ikkilisiya tana taruwa a gidansa. Bawansa Unisimas ya rabu da shi, da alama kuma ya jawo masa hasara. A dokar Roma ubangida yana da ikon yi wa bawan da ya gudu horo mai tsanani. Unisimas ya haɗu da Bulus a tsare, ya karɓi Almasihu. Ma'anar sunansa ita ce mai amfani, Bulus kuwa ya ce yanzu ne ya ci sunansa.

Ka lura da yadda manzon ya bi da maganar. Yana da ikon ba da umarni, amma roƙo ya yi. Bai ce a manta da hasarar ba, ya ce a rubuta bashin a kansa, ya sa hannu zai biya (aya 18-19). Ya roƙi Filimon ya karɓi Unisimas a matsayin ɗan'uwa. Ashe ba abin da Yesu ya yi mana ke nan ba?

Na ga irin wannan a Gusau. Wani yaron shago ya gudu da kuɗin maigidansa, wanda ɗan ikkilisiyarmu ne. Bayan shekara biyu muka same shi a gidan gyaran hali a kan wani laifin dabam, a lokacin ziyararmu. A can ya tuba. Da ya fito, ya ce yana so ya je ya nemi gafara amma yana tsoro. Zumuntar maza ta haɗa rabin kuɗin, dattawa biyu suka raka shi. Maigidan ya yi shiru mai tsawo, sa'an nan ya ce ya yafe. Bai ba shi makullin shago a ranar ba, ba mu kuma ce ya ba shi ba. Gafara ana ba da ita nan take, amana kuwa a hankali take tsirowa. Yau a layi ɗaya suke cin Jibin Ubangiji.

7. WAƊANDA SUKA BI SAWU

A zamanin Kaisar Tarajan, wanda ya yi mulki daga shekara ta 98 zuwa 117, aka kama Ignatiyus shugaban ikkilisiyar Antakiya. Sojoji goma suka tafi da shi Roma a ɗaure. A kan hanya, daga Simirna da Taruwasa, ya rubuta wasiƙu bakwai, yawancinsu yana roƙon ikkilisiyoyi su zauna da haɗin kai. A shekara ta 203, a birnin Kartaj na ƙasar Tunisiya ta yau, wata matashiya mai goyo, Perpetuwa, ta rubuta labarin zamanta a kurkuku kafin a kashe ta. Waɗannan rubuce-rubuce ba Nassi ba ne, amma shaida ce.

A ƙasarmu kuma, a watan Janairu 2020, Boko Haram suka kama Rabaran Lawan Andimi, shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN a Michika ta jihar Adamawa. A saƙon bidiyon da aka fitar ya nemi a taimaka a sake shi, ya kuma nuna bai karaya ba, domin kome yana hannun Allah. A cikin watan nan aka kashe shi. Ƙofa ba ta buɗe masa a nan duniya ba, amma bangaskiyarsa ba ta faɗi ba.

8. AIKINMU MU DA MUKE WAJE

A zamanin Roma, ɗaurarre yakan dogara ga 'yan'uwa da abokai don ci da sutura. Filibiyawa sun haɗa gudummawa suka aiki Abafaroditas da ita. Alkawarin biyan bukata na 4:19 da muke so ƙwarai, ga waɗannan masu bayarwa aka fara faɗarsa. A 2 Timoti kuma mun ga Bulus tsoho yana roƙon a kawo masa alkyabbarsa da littattafansa kafin lokacin sanyi. Dimas ya yashe shi. Ranar da ya fara kāre kansa a gaban shari'a ba wanda ya tsaya masa. Amma Unisifaras ya neme shi a Roma har ya same shi, bai ji kunyar sarƙarsa ba (1:16-17). Zumunta a ƙafa take.

Saboda haka:

Kowace ikkilisiya ta rubuta sunayen nata da suke hannun 'yan bindiga ko a tsare, a riƙa ambatonsu a addu'ar asuba.

Zumuntar mata ta raba kwanaki, kada gidan da aka ɗauke wa mutum ya kwana ba abinci ko ba mai taya hira.

Matasa su yi gayya a gonar iyalin, inda hanya take da lafiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wanda ya dawo daga daji, a kai shi asibiti, a ba shi lokaci. Kada a matsa masa ya ba da shaida a Lahadin farko. 'Yar'uwar da ta dawo, a rufa mata asiri, a karɓe ta da daraja.

A nemi izinin hukuma a riƙa ziyartar gidan gyaran hali na Gusau da sabulu, da abinci, da Littafi Mai Tsarki. Akwai masu jiran shari'a a ciki kamar yadda Bulus ya jira (Matiyu 25:36, Ibraniyawa 13:3).

Ita 'yar'uwar nan ta Tsafe, na koma wurinta bayan mako guda tare da matata. Muka karanta Filibiyawa daga farko har ƙarshe a tsakar gidanta. Na ce mata bangaskiyarta ba ta kasa ba. Muka durƙusa muka sake roƙon Allah ya dawo da maigidanta.

TSARIN KARATU

Litinin: Ayyukan Manzanni 16 da 28
Talata: Filibiyawa duka
Laraba: Kolosiyawa duka
Alhamis: Filimon, sau biyu
Jumma'a: Afisawa 1-3
Asabar: Afisawa 4-6
Lahadi: 2 Timoti 1 da 4

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA

1. Me za ka ce wa wanda ya yi azumi da addu'a amma nasa bai dawo ba?
2. A Afisawa 6:19-20 da Kolosiyawa 4:3-4, me Bulus ya roƙa a yi masa addu'a a kai? Yaya wannan zai gyara addu'armu?
3. Akwai wani Unisimas da kake bukatar ka karɓa, ko wani Filimon da kake bukatar ka koma wurinsa?
4. Wane gida ne za ka ziyarta a wannan mako?

ADDU'A

Ya Uba, kai ne ka girgiza kurkukun Filibi, kai ne kuma ka zauna da bawanka a Roma. Muna roƙonka ka kuɓutar da dukan waɗanda suke tsare a dazuzzukan Zamfara, Kirista da Musulmi. Ka ta'azantar da iyalansu. Ka juyo da zukatan masu riƙe da su, ka ba shugabanninmu hikima da tsoronka. Ka cika mu da Ruhu Mai Tsarki, ka tsare mu daga tsoro da ƙiyayya, ka sa mu zama masu neman 'yan'uwanmu har mu same su. A cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.